Jinin wa ya zuba a Gadar Jini?

A gaɓar teku ta gundumar Down, a Ayalan ta Arewa, hanyar da ta tashi daga Newcastle zuwa Kilkeel tana ratsa gindin Slieve Donard, dutsen da ya fi kowane tsawo a yankin, mita 850. Kamar kilomita 5 daga Newcastle akwai wani rafi da ke gangarowa daga duwatsun Mourne ya faɗa teku, da wata tsohuwar gadar dutse kusa da sabuwar da motoci ke bi. Sunanta Bloody Bridge, wato Gadar Jini, rafin ma da sunan ake kiransa.

Abin lura shi ne maƙwabtan wannan suna. Slieve Donard, Annalong, Kilkeel, Ballaghanery, duk daga harshen 'yan ƙasa na asali suka fito: wannan sunan wani waliyyi ne, wancan mashigin jiragen ruwa, wancan siririyar coci. Sai ga sunan Turancin Ingila tsirara a tsakiyarsu, kamar baƙon da ya zo biki da takardar sammaci. Wannan kaɗai ya isa a gane bakin da ya raɗa shi.

Tushen maganar yana a 1609, lokacin da sarautar Ingila ta fara ƙwace filayen sarakunan Ulster, lardin arewacin Ayalan, tana rabawa baƙi 'yan Furotesta daga Ingila da Sikotlan. 'Yan ƙasa, Katolika, suka koma 'yan haya a gonakin kakanninsu. Ranar 23 ga Oktoba 1641 tura ta kai bango, tawaye ya ɓarke ƙarƙashin Phelim O'Neill. A Down, Conn Magennis ya kama garin Newry da Furotestan da ke ciki. Labarin da aka gada shi ne an kwashi wasu daga cikin fursunonin aka nufi Downpatrick da su don a yi musaya, amma ba su isa ba. A wannan yanki aka karkashe su, kuma ana ɗora alhakin a kan wani mai suna Russell. Masu ba da labari sun saɓa a kan yawansu. Mutanen yankin dai sukan ce rafin ya yi ja.

Ta yaya labarin ya tsira? Tun daga ƙarshen 1641 aka naɗa limaman cocin Furotesta su karɓi shaidar waɗanda suka tsere, bisa rantsuwa. Shaidun nan, kimanin 8,000, suna ajiye a Kwalejin Trinity ta Dublin, kuma a 2010 aka sa su a intanet. Akwai gaskiya mai ɗaci a cikinsu, misali abin da ya faru a gadar Portadown a Nuwamba 1641, inda aka tura mutum wajen 100 cikin kogin Bann. Akwai kuma ji-ta-ji-ta da ƙarin gishiri. A Ingila an yaɗa cewa an kashe mutum 154,000, adadin da ya zarce duk Furotestan da ke Ulster a lokacin. Masana tarihi na yanzu suna kimanta kusan 4,000 da aka kashe kai tsaye, ban da wasu dubbai da sanyi da yunwa suka ƙarasa bayan an kore su daga gidajensu.

Ƙarin gishirin nan bai tafi a banza ba. Da Oliver Cromwell, jagoran sojojin Ingila, ya yi wa garin Drogheda kisan kiyashi a 1649, da jinin 1641 ya kafa hujja. Har yau 'yan ƙungiyar Orange ta Furotesta suna zana gadar Portadown a tutocinsu na maci.

A ganina nan ne sunan Gadar Jini ya yi rowa. Ba ƙarya ya yi ba, an kashe mutanen da ba su da makami, kuma sun cancanci a tuna da su. Amma a farkon 1642 sojoji sun karkashe Katolika a Islandmagee, mata da yara a ciki, kuma a lokacin babu limamin gwamnati da ya bi gida gida yana rubuta kukan danginsu. Wanda ke riƙe da alƙalami da kotu da taswira, shi ne gawarsa ke samun suna. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ɓangarori ke ƙirga mamatansu bayan rikici ya san wannan lissafi.

Daga baya wurin ya sami wata sana'ar: daga bakin gadar ne hanyar 'yan fasa-ƙwauri, Brandy Pad, ta tashi, inda ake ɗora wa dawakai barasa da taba da shayi a ƙetara duwatsu zuwa Hilltown. Yanzu masu hawan dutse ne ke ajiye motoci a nan.

Su kuwa gidan Magennis, yaƙin ya cinye musu ƙasarsu. Ganuwar da suka gina a Newcastle a 1588 ma an rushe ta a 1830.