Takalmin Charlot da jirgin gora: silima da «culte du cargo»

A cikin wannan taƙaitaccen nazari za mu kwatanta iri biyu na silima waɗanda ba a saba haɗa su ba: barkwancin zamanin fim maras magana, wanda ake kira burlesque da Faransanci, da finafinan shaida kan abin da ake kira «culte du cargo» a tsibiran Melaneziya.

Ginshiƙin barkwancin shi ne a yi aiki da abu ba a muhallinsa ba. A cikin La Ruée vers l'or (1925), Charlot ya dafa takalminsa, ya zauna ya ci shi da wuƙa da cokali mai yatsu, yana tsotsar ƙusoshi kamar ƙashin kaza. Ladabin cin abinci ya cika, abincin ne babu. Muna dariya, amma mun san Chaplin ne ya shirya abin da kansa.

Wannan tsari ne muke sake gani a ƙarshen Mondo Cane (1962) na Jacopetti da abokan aikinsa. An nuna mutanen Sabuwar Gine sun ƙera jirgin sama na gora bisa tudu, suna zaune suna duban sama, mai sharhi kuwa yana cewa kaya suke jira daga kakanninsu. Siffar jirgi ta cika, injin ne babu. Sai dai a nan waɗanda ake kallo ba su shirya wasa ba, kuma ba a ba su bakin magana ba.

Tarihi bai goyi bayan wannan hoto ba. Mu ɗauki tsibirin Tanna, a ƙasar da ta zama Vanuatu a 1980. Labarin John Frum ya bazu can wajen 1940, tun kafin sojan Amurka su sauka a yankin a 1942. Kiransa na farko shi ne a bar cocin mishan, a rabu da kuɗin Turawa, a koma ga shan kava da raye-rayen gargajiya da mishan ta hana. Hukumar mulkin mallaka ba ta ɗauki abin da wasa ba: ta fara kama shugabanni a 1941. Faretin ranar 15 ga Fabrairu, da bindigogin gora, daga baya ya zo, amma shi ne kyamara ta fi so. Ko David Attenborough, wanda ya zauna ya yi hira da mabiya a shirinsa na BBC na 1960, maganar kaya ce ta fi jan hankalinsa.

Ita kanta kalmar, mu masu nazarin harshe ya kamata ta tsaida mu. Ta fara fitowa a rubuce da Ingilishi a 1945, cikin mujallar Pacific Islands Monthly, daga alƙalamin wani Bature mazaunin yankin, kuma da raini aka faɗe ta. Lamont Lindstrom ya bi sawunta a littafinsa na 1993.

Matsalar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ƴan Hauka, waɗanda suka ɓulla a yankin Filinge wajen 1925, su ma sun kwaikwayi gwamna da fareti, su ma hukuma ta kama su. Da Jean Rouch ya nuna Les Maîtres fous, wanda ya ɗauka tsakanin ƴan ci-ranin Nijar a Ankara ta Gana, wasu ƴan Afirka da suka kalle shi a Paris sun ji tsoron zai ƙara wa Turawa raini, har Marcel Griaule ya ba da shawarar a lalata fim ɗin.