Jirgin Yaƙin JF-17 Thunder

JF-17 Thunder jirgin yaƙi ne mai inji ɗaya da Pakistan da Sin suka ƙera tare. A Sin sunansa FC-1 Xiaolong. Yana cikin jiragen zamani masu aiki iri-iri: shi ne artabu da jiragen abokan gaba a sama, shi ne ruwan bama-bamai a ƙasa, shi ne farautar jiragen ruwa.

Takunkumi ne ya haife shi. A ƙarshen shekarun 1980 Pakistan ta nemi a sabunta mata samfurin F-7, wato MiG-21 na Tarayyar Sobiyat da Sin ke kwaikwaya, da taimakon kamfanin Grumman na Amurka. Bayan rikicin dandalin Tiananmen a 1989, Amurka ta hana kamfanoninta aikin soja da Sin. A 1990 kuma ta riƙe jiragen F-16 da Pakistan ta saya, har da waɗanda aka biya kuɗinsu, saboda shirinta na nukiliya. Ga Indiya a maƙwabta, ga jiragenta na Mirage da A-5 sun tsufa. Sin ta ci gaba da aikin a Chengdu da sunan Super-7, a 1999 ƙasashen biyu suka sa hannu kan kwangila, jirgin gwaji na farko kuma ya tashi a Agustan 2003.

Tun daga zane, arha aka sa a gaba. Inji ɗaya aka ba shi, RD-93 na Rasha, wanda aka samo daga injin MiG-29. Ya tsufa, yana hayaƙi, amma makanikai sun san halinsa. Gudun jirgin ya kai ninki 1.6 na gudun sauti. Inda injiniyoyin Chengdu suka nuna gwaninta shi ne bakin da inji ke shaƙar iska. Iskar da ke manne da jikin jirgi a guje ba ta da ƙarfi, idan ta shiga inji sai ta dagula masa aiki. Da can faranti ake sakawa, a bar rata tsakaninsa da jikin jirgin don ta bi ta nan ta wuce. A jirgin gwaji na huɗu, a 2006, sai aka yi wani ɗan ƙusumbi a gaban bakin, mai ture wannan iska gefe. Nauyi ya ragu, gyara ya yi sauƙi, na'urar rada ma ta rage ganinsa. Dabarar da ke jikin F-35 na Amurka ke nan, jirgin da ya ninka shi tsada sau da yawa.

Pakistan ta karɓi biyun farko a Maris 2007, masana'antarta da ke Kamra kuma ta miƙa wanda ta fara haɗawa a 2009. Yanzu kashi 58 cikin ɗari na gangar jikinsa a can ake yi. Rukuni-rukuni ake ƙera jirgin: na biyu ya samu damar shan mai a sama. Na uku, da ya fara tashi a Disambar 2019, ya zo da radar KLJ-7A mai juya haskenta da lantarki ba tare da motsi ba, da makamin linzami mai cin dogon zango PL-15.

Myanmar ce ta fara saya daga waje. Rundunar Sojin Saman Najeriya, wadda dama ta saba da F-7, ta ƙaddamar da guda uku a Makurɗi a Mayun 2021. Uku dai sun yi kaɗan: idan ɗaya na wajen gyara, ɗaya na horar da matuƙa, saura ɗaya tal a fagen daga.