Shuɗiyar Takarda: Yadda Amurka Ta Koma Kan Fayilolin Sojojin da Ta Kora

Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohon soja ya san darajar takardar sallama. Kaki yakan tsufa, lambar yabo takan ɓata, amma wannan takarda ita ake tambaya a ofishin fansho, a asibiti, a wurin neman aiki. A Amurka sunanta DD-214, kuma a jikinta akwai wasu 'yan gurabe masu nauyi: irin sallamar da aka yi wa mutum, dalilin sallamar, da ko za a iya sake ɗaukarsa. Tun 20 ga Satumba 2011 rundunar sojan ƙasar ta daina korar namiji don yana neman maza ko mace don tana neman mata, wannan sananne ne. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne waɗanda aka riga aka kora, da abin da aka rubuta musu a waɗannan gurabe, da tsawon lokacin da hukuma ta ɗauka kafin ta yarda ta sake buɗe fayilolinsu.

Idan muka bi sawu zuwa farko, sai mun dangana da sansanin Valley Forge a watan Maris na 1778, tun Amurka na yaƙin ƙwatar kanta daga Ingila. A can kotun soja ta samu wani laftanar mai suna Enslin da laifin yunƙurin luwaɗi, George Washington ya sa hannu, aka tara runduna aka fitar da shi daga sansani ana buga masa ganga. Korar kare ce a bainar jama'a. Sai dai a wancan zamani, da ma fiye da shekara ɗari bayansa, aiki ake hukuntawa. Sai an ce mutum ya aikata, an kai shi kotu, an kawo shaida. Haka dokokin yaƙi na 1920 suka tsara, haka kuma kundin shari'ar soja da ya fara aiki a 1951 ya gada a sashensa na 125.

Yaƙin duniya na biyu ne ya canja lissafin. Amurka ta ɗebi mutum kusan miliyan 16 cikin kaki, kuma ba ta da lokacin kafa kotu a kan kowane zargi. Likitocin ƙwaƙwalwa, waɗanda a lokacin suke ɗaukar lamarin a matsayin ciwo, suka ba da shawarar a riƙa tantance mutane tun daga bakin ƙofa, wanda ya riga ya shiga kuma a sallame shi ta hanyar ofis. Daga nan magana ta tashi daga abin da mutum ya yi ta koma kan ko shi wane ne. Wasiƙa ɗaya da aka kama, ko suna ɗaya da wani ya ambata a ɗakin tambayoyi, ya isa. Makamin da aka yi amfani da shi kuwa wata takardar sallama ce da ake bugawa a kan shuɗiyar takarda, wadda a rubuce ba ta girmamawa ba ce, ba kuma ta wulaƙanci ba. A aikace kowa ya san ma'anarta. Mai ɗaukar ma'aikata yana hango launin sai ya ce babu gurbi. Masanin tarihi Allan Bérubé ya ƙiyasta cewa sojoji kimanin 9,000 aka sallama ta wannan hanya a kan zargin luwaɗi ko maɗigo a lokacin yaƙin.

Ba su kaɗai ta ci ba. Baƙaƙen fata, waɗanda ba su kai kashi 10 cikin 100 na sojan ƙasa ba, sun kwashi fiye da kashi 20 na shuɗayen takardun, saboda hanya ce mai sauƙi ga kwamanda ya rabu da wanda ba ya so ba tare da ya yi wa kowa bayani ba. Shi ya sa jaridar baƙaƙen fata ta Pittsburgh Courier ce ta fara tayar da ƙura a kai a 1945. Lokacin kuma ya zo daidai da rabon ganima: wata doka ta 1944 ta tanadar wa 'yan mazan jiya kuɗin karatun jami'a da lamunin sayen gida, abin da ya ɗaga miliyoyin iyalai daga talauci, amma hukumar kula da tsofaffin sojoji ta toshe wa masu shuɗiyar takarda wannan ƙofa. Wani kwamitin majalisar wakilai ya yi tir da tsarin a 1946, aka soke shi a 1947. Aka maye gurbinsa da sallama iri biyu, ta gama-gari da ta "wanda ba a buƙata", kuma ta biyun aka ci gaba da miƙa wa waɗannan mutane. Launi ya tafi, tabon ya zauna.

Wani abin lura a nan shi ne, a cikin waɗannan shekaru ne aka kafa hukumomin da za su yi gyaran nan gaba. Dokar 1944 ta samar da kwamitocin sake duba sallama, wata doka ta 1946 ta samar da kwamitocin gyara bayanan soja. Ƙofar ɗaukaka ƙara tana nan ke nan tun farko. Amma wa zai shiga? Mutumin da ya ɓoye wa iyayensa dalilin dawowarsa gida ba zai zauna ya rubuta wa gwamnati labarin da hannunsa ba, musamman a shekarun 1950, lokacin da umarnin Shugaba Eisenhower na 1953 ya sa ake tsince irinsu daga ma'aikatun gwamnati da sunan tsaro. Rundunar ruwa da kanta ta kafa kwamiti a 1957, ya kawo rahoton Crittenden, wanda ya ce babu hujjar cewa waɗannan sojoji sun fi sauran saurin tona asirin ƙasa. Aka kulle rahoton a durowa har 1976.

Mu tsaya mu dubi mutum biyu da kyau, domin adadi ba ya nuna fuska. Melvin Dwork ma'aikacin jinya ne a rundunar ruwa, yana ɗan shekara 22 a 1944 aka gano wasiƙun da ke tsakaninsa da abokinsa. Aka tsare shi, aka sallame shi da takardar da ba ta girmamawa ba. Ya koma birnin New York ya yi suna a sana'ar ƙawata gidaje, ya yi rufin asiri, amma bai daina bin wannan takarda ba. Sai a 2011, yana da shekara 89, kwamitin rundunar ruwa ya mayar da ita ta girmamawa. Helen James kuwa ta shiga rundunar sama a 1952 tana aikin rediyo. A 1955 masu bincike suka riƙa bin ta duk inda ta sa ƙafa, suka zaunar da ita sa'o'i suna tambaya, suka ce za su sanar da danginta, ta sa hannu. Ta yi karatu da guminta, ta zama malamar jami'a a fannin gashin ƙashi da motsa jiki. Sai da ta maka rundunar a kotu tana da shekara 90 sannan aka ba ta sallamar girmamawa a Janairun 2018. Shekara 63 tana jiran gyaran kalma ɗaya.

Wasu kuma ko fayilolinsu ba su tsira ba. A Yulin 1973 gobara ta tashi a babban ɗakin ajiyar bayanan ma'aikata da ke St. Louis, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 da 18, mafi yawa na sojan ƙasa da na sama na wancan zamani. Tsofaffi da yawa da suka yi ƙarfin halin nema, amsar da suka fara samu ita ce takardunsu sun ƙone.

A shekarun 1970 aka fara samun masu tsayawa su yi gardama. Saje Leonard Matlovich, wanda ya je Biyetnam sau uku ya dawo da rauni da lambobin yabo, ya rubuta wa kwamandansa da kansa a 1975 ya bayyana halinsa, don a kore shi ya samu hanyar zuwa kotu. Hotonsa ya fito a bangon mujallar Time a Satumbar shekarar. A 1980 alƙali ya ba da umarnin a mayar da shi aiki, rundunarsa ta gwammace ta biya shi dala 160,000 tare da sallamar girmamawa. Darasin da ma'aikatar tsaro ta ɗauka daga shari'ar shi ne dokarta na da ɓaraka, don haka ta ɗinke ta: a farkon shekarun 1980 ta fitar da ƙa'ida mai cewa wannan hali ba ya haɗuwa da aikin soja ko kaɗan. Ofishin binciken kuɗi na majalisa ya lissafa kusan mutum 17,000 da aka kora tsakanin 1980 da 1990.

Bill Clinton ya yi alkawarin ɗage haramcin a yaƙin neman zaɓen 1992, ya hau mulki ya ci karo da Janar Colin Powell da Sanata Sam Nunn. Sulhun da aka yi a 1993 shi ne dokar nan ta "kada a tambaya, kada ka faɗa", wadda ta fara aiki a Fabrairun 1994. An ce sassauci ne, amma a ƙarƙashinta aka sallami kusan mutum 13,500, kuma a 2001 kaɗai sun haura 1,200. Rabon mata a cikinsu ya zarce rabonsu a rundunar nesa ba kusa ba. Wani binciken majalisa na 2005 ya gano cewa cikin korarrun akwai fiye da 300 masu jin harsunan da ake tsananin buƙata, 54 daga ciki masu Larabci, a daidai lokacin da Amurka ke yaƙi a Iraƙi tana neman tafinta ido rufe. Yawancin na wannan zamani sun samu sallamar girmamawa, gaskiya ne, amma a gurbin dalili an rubuta abin da aka kore su a kai ɓaro-ɓaro. Duk ranar da mutum ya miƙa takardar don neman aiki, ya tona wa kansa asiri.

Barack Obama ya sa hannu a soke dokar ranar 22 ga Disamba 2010. A ranar da sokewar ta fara aiki, wani babban jami'in ma'aikatar tsaro, Clifford Stanley, ya aika wa kwamitocin gyara umarni: idan babu wani laifi na daban a fayil, a ɗaga sallamar zuwa ta girmamawa, a goge dalilin a sa kalma ta gama-gari, a gyara lambar sake ɗauka. Umarni ne mai kyau, kuma fiye da huɗu cikin biyar na waɗanda suka nema sun samu biyan buƙata. Matsalar tana kan kalmar nema. Sai tsohon sojan ya ji labari, ya cike fom, ya nemo takardun da suka shekara talatin, wani lokaci ya ɗauki lauya, ya jira watanni ko fiye da shekara. Kamar a ce wanda aka ƙwace wa gona bisa kuskure shi zai yi ta zarya fada da kuɗin motarsa yana roƙon a duba. Kaɗan ne suka nema, kuma babu mamaki. Wanda hukuma ta wulaƙanta ba ya ɗokin komawa gabanta.

A nan ne nake ganin ainihin juyin, kuma ya zo a makare. Mai karatu ba ya buƙatar ya sauya abin da addininsa da tarbiyyarsa suka koya masa kafin ya ga inda haƙƙi yake a wannan magana: mutum ya yi rantsuwa, ya yi aikin, wani ya zubar da jini, sannan aka hana shi asibiti da kuɗin karatu da jana'izar soja, ba don ya gudu daga fagen fama ko ya ci amana ba. Ƙasar da ta yi wannan ta riga ta ce dokar kuskure ce. Wanda ya amsa kuskure kuwa shi ya kamata ya tashi ya nemi wanda ya ɓata wa.

An fara motsi a 2021, lokacin da hukumar tsofaffin sojoji ta ce wanda aka kora a kan wannan dalili kaɗai ya cancanci tallafinta. A Agustan 2023 wasu tsofaffin sojoji, da Sherrill Farrell ta rundunar ruwa a gaba, suka shigar da ƙarar haɗin gwiwa a Kalifoniya. Wata guda bayan haka mataimakiyar sakataren tsaro Kathleen Hicks ta sanar cewa ma'aikatar za ta buɗe fayilolin waɗanda ba su samu sallamar girmamawa ba a zamanin 1994 zuwa 2011 da kanta, ba tare da jiran kowa ya roƙa ba. A Yunin 2024 Shugaba Joe Biden ya yi afuwa ga waɗanda kotun soja ta hukunta a ƙarƙashin sashe na 125 tsakanin 1951 da 2013 a kan abin da manya biyu suka yi da yardarsu, kodayake sai mutum ya nemi takardar shaidar afuwar. Ranar 15 ga Oktoba 2024 sakataren tsaro Lloyd Austin ya kawo sakamako: an duba fayil 851, fiye da 800 sun koma sallamar girmamawa. A Janairun 2025 kuma ma'aikatar ta sasanta da su Farrell, ta yarda da gajeriyar hanyar goge dalilin kora daga takardun mutum fiye da 30,000.

Birtaniya, wadda ta ɗage nata haramcin a Janairun 2000, ta wuce nan: bayan rahoton Lord Etherton, Firaminista Rishi Sunak ya nemi gafara a 2023, aka kuma ware fam miliyan 75 na diyya. Kanada ta nemi tata gafarar tun 2017 ta biya. Amurka ba ta biya diyyar shekarun da aka rasa ba, kuma ko a sasancin 2025 sai tsohon sojan ya ɗaga hannu kafin a taɓa takardarsa. Ana ƙiyasin mutum fiye da 100,000 aka kora tun daga yaƙin duniya na biyu zuwa 2011, da yawansu sun rasu da takardar yadda aka ba su. Fayilolin da gwamnati ta buɗe bisa raɗin kanta 851 ne.