Asalin Hasken da Ke Cikin Duhun Jinjirin Wata

Duk shekara idan azumi ya gabato, sai hotunan jinjirin wata su cika Facebook. A ga sauran jikin watan yana haske dishi-dishi, a ce ai wannan ya kwana biyu, fadar Sarkin Musulmi ta makara. Hujjar ba ta da ƙarfi, kuma tarihin hasken ya isa shaida.

Mutanen da sun daɗe suna kirdado. Wasu suka ce wata na da hasken kansa, wasu suka ce rana ce ke ratsa jikinsa, masanin taurari Tycho Brahe kuwa ya jingina abin ga Zara. Sai wajen 1510 Leonardo da Vinci ya rubuta cewa hasken rana ne ke sauka a duniyarmu, ita kuma ta mayar wa wata. Kepler ya buga bayanin a 1604, Galileo ya kare shi a 1610. Wannan bayani shi ne daidai, domin da hasken na wata ne, da bai riƙa raguwa ba yayin da watan ke girma. Leonardo ya ɗauka teku ce ke mayar da shi, alhali gajimare ne ke yin mafi yawan aikin, kuma duniya na mayar da kusan kashi 30 cikin 100 na hasken da ta samu.

Duban sama ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Sakkwato. A 1824 Bature matafiyi Clapperton ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya san buruji da taurari da sunayensu na Larabci. Saboda haka matashin da ya kafa kyamara bayan magariba a Sifawa ta Bodinga, inda Shehu Usmanu ya zauna har 1815, ko a bayan garin Shagari, gado ya tarar.

Za a ce ba a cika ganin wannan haske na duhun wata a jinjirin da bai kai awa 20 ba. Gaskiya ne. Amma idan an cika talatin, watan daren farko na iya wuce awa 35 da haihuwa. Ga shi kyamara kan tara haske na daƙiƙa ɗaya ko biyu, jinjirin ya kumbura a hoto fiye da yadda ido ya gan shi. Mai ɗaukar hoto ya rubuta rana da lokaci da wuri, ya miƙa wa hakimi ko kwamitin duban wata. Da haka hotonsa zai taimaki masu yanke hukunci.