Kurket a Nijeriya: Daga Kwalejin Katsina Zuwa Abuja

Masu iya magana kan ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Idan muka tsaya a tashar motar Utako muka tambayi matasanmu mene ne kurket, da wuya a sami wanda zai ba da amsa, alhali kuwa filin da ake buga shi yana cikin harabar babban filin wasa na Moshood Abiola, tafiyar 'yan mintoci daga nan. Amma wasan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa.

Turawan Ingila ne suka shigo da shi. Tun a 1904 aka kara tsakanin Ikko da Gwalkwas, wato Gana ta yau. A Arewa kuwa, ta ƙofar makaranta ya shigo. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, malamanta Turawa sun ɗauki wasa a matsayin wani ɓangare na tarbiyya, suka koya wa ɗalibai kurket da wani wasa na buga ƙwallo a bango da tafin hannu. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya buga duka biyun yana ɗalibi. Wasan bango ya yi saiwa, har yau ana yin sa a Katsina da Sakkwato, domin bango da ƙwallo kaɗai yake bukata. Kurket kuwa yana son fili shimfiɗaɗɗe da kaya masu tsada, ga cin lokaci, don haka bai fita daga shingen makaranta ya shiga gari ba.

Wannan cin lokaci ya dami Turawan su kansu, domin babban wasa tsakanin ƙasashe yakan ɗauki kwana biyar. A watan Janairu na 1971 ruwan sama ya ɓata irin wannan wasa a birnin Melbon, sai aka shirya wa Ostareliya da Ingila karawar yini guda don kada 'yan kallo su tashi a tutar babu. Abin ya karɓu. A 1975 aka yi gasar cin kofin duniya ta farko a Ingila tsakanin ƙungiyoyi 8, kuma 'yan tsibiran Karebiyan, galibinsu jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, su suka ɗauki kofin a gidan masu wasan.

Nijeriya ta daɗe tana tafiya a inuwar ƙungiyar Afirka ta Yamma tare da Gana da Saliyo da Gambiya. Sai a 2002 ta shiga hukumar kurket ta duniya da sunanta. A 2019 samarinta 'yan ƙasa da shekara 19 suka lashe gasar share fage a Namibiya, suka tafi gasar duniya ta yini guda a Afirka ta Kudu a 2020. Can Ingila da Ostareliya suka nuna musu ruwa ba sa'an kwando ba ne, amma sun doke Japan, suka zo na 15 cikin 16. Bayan haka, a 2022, Abuja ta karɓi baƙuncin wata gasar share fage ta samarin Afirka, inda Kenya ta doke mu a wasan ƙarshe.

Ke nan wasan da shugabanninmu na farko suka buga a Katsina ya dawo kusa da mu. Yanzu yini guda ya isa a gama shi, ga kuma fili a Abuja. Abin da ya rage shi ne makarantun Arewa su sake damƙa wa yara sanda da ƙwallo, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. In ba haka ba, za mu ci gaba da zama 'yan kallo a fagen da kakanninmu suka taka.