Wa Zai Ci Yaƙin Basasar Skyrim? Nazarin Hujjojin Daula da na 'Yan Tawaye

A ranar 11 ga Nuwamba, 2011 ne kamfanin Bethesda na ƙasar Amurka ya fitar da wasan bidiyo mai suna The Elder Scrolls V: Skyrim, kuma tun daga lokacin masu buga shi ba su daina muhawara ba a kan tambaya guda, wato wane ɓangare ne zai yi galaba a yaƙin basasar da ke tsakiyar labarin. Wasan na cikin nau'in da ake gina wa duniya ta ƙirƙira, mai nata tarihi da addinai da jinsuna, inda mai wasa yake shiga a matsayin ɗaya daga cikin mazaunanta. A shekarar 2023 Todd Howard, wanda ya jagoranci tsara shi, ya bayyana cewa an sayar da kwafi fiye da miliyan 60, don haka muhawarar ta shafi mutane masu yawan gaske. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne cewa tambayar tana da amsa, kuma amsar tana cikin wasan, matuƙar an rarrabe ta da wasu tambayoyi biyu da ake yawan cakuɗa ta da su.

Labarin yana faruwa ne a shekara ta 201 ta abin da wasan ke kira Zamani na Huɗu, a lardin Skyrim, ƙasar sanyi da duwatsu da ke arewacin nahiyar Tamriel, wadda jinsin Nord ke zaune a cikinta a ƙarƙashin Daular da hedikwatarta ke Cyrodiil. Tsakanin shekarun 171 da 175 Daular ta gwabza Babban Yaƙi da Ƙawancen Aldmeri, wanda ƙungiyar Thalmor ke mulka, ƙungiyar da ta ɗauki jinsinta na Altmer a matsayin mafi ɗaukaka a kan mutane. Yaƙin ya ƙare da yarjejeniyar da Sarkin Daula Titus Mede na Biyu ya sa wa hannu, wadda ta haramta bautar Talos, gwarzon da ya kafa Daular kuma mutanen Nord suke ɗaukarsa abin bauta. Wannan haramci, da damar da aka ba jami'an Thalmor ta kama masu saɓa masa, su ne Ulfric Stormcloak, sarkin birnin Windhelm, ya kafa hujja da su lokacin da ya kashe Babban Sarki Torygg a birnin Solitude ya kuma ɗaga tutar tawaye. Daular ta turo Janar Tullius don ya murƙushe shi.

Tambaya ta farko da ya kamata a ware gefe ita ce ta wanda ya cancanci nasara, domin wannan batu ne na adalci, kuma mutum na iya ganin cewa Ulfric yana da gaskiya a kan 'yancin addini ba tare da hakan ya ƙara masa ko soja ɗaya ba. Ta biyu kuwa ita ce ta abin da ke faruwa a hannun mai wasa. An tsara wasan ta yadda duk ɓangaren da jarumin labarin ya shiga shi ne zai ci, kuma jerin ayyukan ɓangarorin biyu kusan iri ɗaya ne: neman wani tsohon kambu, faɗan birnin Whiterun, ƙwace sansanoni ɗaya bayan ɗaya, sannan afka wa babban birnin abokan gaba. Wanda ya ce ɓangare kaza ya fi ƙarfi saboda ya gan shi ya ci a wasansa bai faɗi komai ba sai zaɓin da shi da kansa ya yi. Tambayar da ke da nauyi ita ce ta abin da zai faru idan aka cire jarumin, aka bar rundunonin biyu da abin da kowacce ta mallaka.

Hujja mafi ƙarfi a nan tana cikin mintunan farko na wasan, kuma abin mamaki ne yadda masu muhawara ke wuce ta da sauri. Labarin yana buɗewa ne da Ulfric a ɗaure cikin keken doki, an toshe masa baki, bayan sojojin Tullius sun yi masa kwanton ɓauna a kusa da Darkwater Crossing, wuri da ke cikin lardinsa na Eastmarch, ana kai shi garin Helgen domin a sare masa kai. Abin da ya cece shi shi ne bayyanar Alduin, dodo mai fukafukai da aman wuta, wanda babu wani kwamanda da zai iya sa shi cikin lissafinsa. Ma'anar wannan ita ce janar ɗin da bai daɗe da isowa ƙasar ba ya samu labaran sirri da suka isa ya kama jagoran tawaye a cikin yankinsa. Kuma tawayen da ake kiran mayaƙansa da sunan mutum ɗaya, wanda da'awarsa ta sarauta ta rataya a kan wannan mutumin, yana da wuya ya rayu bayan mutuwarsa, domin Galmar Stone-Fist, na hannun damansa, mayaƙi ne wanda ba shi da wata da'awa a kan gadon sarauta.

Taswirar ƙasar ma tana goyon bayan wannan hukunci. Skyrim ta kasu larduna 9, huɗu na tare da Daula, huɗu na tare da Ulfric, Whiterun kuma tana tsakiya ba ta ɗauki ɓangare ba. Sai dai daidaiton adadi ba daidaiton ƙarfi ba ne. Daula tana riƙe da Solitude, mai babbar tashar jiragen ruwa da rumbunan kamfanin kasuwanci na East Empire, da Markarth mai ma'adinin azurfa, da Falkreath mai katako wadda ta yi iyaka da Cyrodiil. A ɓangaren Ulfric kuwa, Winterhold kufai ce tun da mafi yawan birnin ya rufta cikin teku a shekara ta 122, Riften kuma, ko da yake sarauniyarta tana goyon bayansa, ainihin iko a can yana hannun attajira Maven Black-Briar, wadda alaƙarta da Daula ta sa ita ake naɗawa idan Daula ta karɓi birnin. Game da Whiterun, mai gonaki da mahaɗar hanyoyin fatauci, sarkinta Balgruuf daga ƙarshe yana ƙin mara wa Ulfric baya, ya nemi taimakon Daula, ko da wane ɓangare mai wasa ya bi. Haka kuma wata wasiƙar soja da ake samu a sansanin Neugrad tana nuna cewa wata sabuwar rundunar Daula tana taruwa a kudu, tana jiran a share mashigar Pale da ƙanƙara ta toshe.

Magoya bayan Ulfric suna da amsa, kuma ba amsa ce da za a raina ba. Suna cewa ɗan tawaye ba ya bukatar ya rusa Daula, abin da yake bukata kawai shi ne ya sa zamanta a ƙasar ya yi mata tsadar da ba za ta iya jurewa ba, kuma Daular da ta rage da manyan larduna uku, tana kuma tsoron sabon yaƙi da Aldmeri a iyakarta ta kudu, ba za ta iya kwashe manyan rundunoninta zuwa arewa ba. Misalin da suke kawowa shi ne Hammerfell, lardin da ya ƙi amincewa da yarjejeniyar shekara ta 175, Daula ta sallama shi, amma mutanensa suka ci gaba da yaƙi su kaɗai har shekara ta 180, lokacin da Aldmeri suka janye. Idan Hammerfell ta iya tsayawa da ƙafafunta, in ji su, me zai hana Skyrim, wadda 'ya'yanta suka daɗe suna cikin mafi ƙarfin sojojin Daular, har shi kansa Ulfric da Galmar tsofaffin sojojinta ne?

Wannan kwatance yana da rauni ta fuskoki biyu. Na farko, Hammerfell ta yi nasara ne bayan ɓangarorinta biyu masu daɗaɗɗiyar gaba sun sasanta sun fuskanci baƙo, alhali a Skyrim mutanen Nord ne ke yaƙar mutanen Nord, kuma Rikke, mataimakiyar Tullius, 'yar Nord ce da ta yi Babban Yaƙi tare da Ulfric. Na biyu, Hammerfell ta fuskanci rundunar da ta riga ta gaji, bayan an hallaka babbar rundunar Aldmeri a Cyrodiil, kuma littafin tarihin yaƙin da ke cikin wasan ya ce Janar Decianus na Daula ya bar mata ƙwararrun sojoji da yawa da sunan marasa lafiya. A nan dole mai nazari ya yi hattara, domin wani hafsan Daula ne ya rubuta wannan littafi, kamar yadda littafin da ke zargin Ulfric da kisan gilla a Markarth ma wani malamin Daula ne ya rubuta shi. Masu tsara wasan da gangan suka sa kowane rubutu ya fito daga bakin mai ra'ayi, kuma wannan ne ya sa muhawarar ta cancanci a ɗauke ta da muhimmanci, tunda tana tilasta wa matashi ya tambayi wanda ya rubuta labari kafin ya gaskata shi. Amma ko da an rage wa shaidar Daula nauyi, akwai abin da mai wasa ke gani da idonsa a Windhelm, inda 'yan gudun hijira na jinsin Dunmer ke cunkushe a unguwa guda, 'yan jinsin Argonian kuma ba a barinsu su zauna cikin ganuwa. Jagoran da yake fama da ƙarancin mutane kuma ya nisanta waɗanda za su iya yi masa yaƙi ya ƙuntata wa kansa da kansa.

Akwai kuma takardar sirrin da ake samu a ofishin jakadancin Thalmor, wadda ɓangarorin biyu ke yawan karantawa ba daidai ba. Wasu suna ɗaukarta shaida ce cewa Ulfric ɗan leƙen asirin Thalmor ne, alhali abin da ta nuna shi ne an kama shi a Babban Yaƙi, jami'ar Thalmor mai suna Elenwen ta yi masa tambayoyi, aka sa ya yi zaton bayanan da ya bayar sun taimaka wajen faɗuwar babban birnin Daula, daga baya kuma ya daina ba su haɗin kai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne manufar da takardar ta bayyana, cewa Thalmor ba sa son ko wane ɓangare ya ci, sun fi son yaƙin ya daɗe, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Takardar ta kuma nuna cewa sun ga mutuwar Ulfric a Helgen za ta ƙara wa Daula damar nasara sosai, har suka ga ya wajaba su sa baki. Wato ɓangare na uku, wanda ba ya ƙaunar ko ɗaya daga cikinsu kuma yana da 'yan leƙen asiri a ko'ina, ya auna yaƙin ya ga cewa tawayen ne ke bukatar a tallafe shi domin kada wutar ta mutu.

Hanya ɗaya ce ta rage wa Ulfric, ita ce ya kame Whiterun da wuri, ya raba yankunan Daula, ya kuma tilasta wa majalisar sarakunan larduna ta zaɓe shi Babban Sarki kafin mashigar Pale ta buɗe. Hakan mai yiwuwa ne, amma yana bukatar komai ya tafi masa daidai a lokaci guda, alhali Tullius ba ya bukatar komai sai ya riƙe abin da ke hannunsa ya jira. Saboda haka, idan aka cire dodo da jarumin labari daga lissafi, aka dogara da shaidun da wasan ya bayar, Daula ce za ta ci yaƙin basasar Skyrim.