Ranar Martin Luther King: hutun da ya koma ranar aiki

Kowace Litinin ta uku a watan Janairu, ofisoshin gwamnati a Amurka a rufe suke don tunawa da Fasto Martin Luther King. An sa hannu a dokar hutun a 1983, aka fara kiyaye shi a 1986. A 1994 kuma, Sanata Harris Wofford da ɗan majalisa John Lewis, waɗanda suka yi gwagwarmaya tare da King, suka kawo ƙudurin da ya mai da ranar ta aikin sa kai. Maimakon barci har hantsi, mutane sukan fita su raba abinci, su yi wa makarantu fenti, su share unguwa.

'Yan'uwa matasa, in muka koma inda labarin ya fara, za mu ga dalili.

Ranar 1 ga Disamba 1955 aka kama Rosa Parks a Montgomery, jihar Alabama, don ta ƙi tashi ta ba wani farar fata kujerarta a bas. Baƙaƙen fata na garin suka ƙaurace wa motocin, suka sa King a gaba, yana da shekara 26, bai daɗe da kama aikin fasto a majami'ar Baftis ta Dexter Avenue ba. Mukan tuna da wa'azinsa, amma wa'azi ba ya kai mutum wurin aiki da asuba. Kwana 381 aka yi ana wannan ƙauracewa, kuma kowace safiya sai an san yadda dubban mutane, da yawansu mata masu aikatau a gidajen fararen fata, za su isa bakin aikinsu.

Wata malamar kwaleji, Jo Ann Robinson, ta kwana tana buga takardun sanarwa dubbai. Masu mota wajen 300 suka riƙa ɗaukar mutane, 'yan sanda na tare su da tara a kan laifin da bai kai ya kawo ba. Majami'u suka sayi motoci. Wasu kuwa suka taka da ƙafa, cikin sanyi da ruwan sama.

Wadda ta fi tsaya mana a rai ita ce Georgia Gilmore, mai dafa abinci. Ta tara mata suna soya kaji, suna gasa kek, suna sayarwa, ita kuma ta kai kuɗin taron majami'a don a sayi mai. Ta ɓoye sunayensu don kada iyayen gidansu su kore su. Ita kanta ta rasa aikinta bayan ta ba da shaida a kotu a 1956, sai ta ci gaba da sayar da abinci daga gidanta. Duk wanda ya san aikin zumuntar mata a ikkilisiya ba zai yi mamaki ba.

Saboda haka muna ganin waɗanda suka kawo dokar 1994 sun fahimci tarihin. Sai dai akwai abin tsoro. Fentin bango na yini ɗaya ba ya ɓata wa kowa rai, King kuwa ya ɓata wa manya rai har aka jefa bam a gidansa a Janairu 1956. Yana da sauƙi a tuna da shi da tsintsiya a manta da abin da ya kai shi Memphis.

Ranar 1 ga Fabrairu 1968, motar shara ta matse ma'aikata biyu, Echol Cole da Robert Walker, har lahira a Memphis. Bayan kwana uku King ya yi wa'azi a majami'ar Ebenezer ta Atlanta a kan Markus sura 10, inda Yakubu da Yohanna suka roƙi Yesu kujerun girma. Ya ce in ya mutu kada a ambaci lambar Nobel da ya samu, a dai ce ya yi ƙoƙarin ciyar da mayunwata. 'Yan shara sama da dubu suka shiga yajin aiki, suna neman albashin da zai riƙe iyali da a amince da ƙungiyarsu. Su ya je mara wa baya aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu, yana da shekara 39.

Kafin a binne shi, matarsa Coretta ta je Memphis da uku daga cikin 'ya'yansu ta jagoranci tattakin da ya shirya. Ranar 16 ga Afrilu hukumar birnin ta amince da ƙungiyar, ta kuma yi alkawarin ƙarin albashi.